Darasin Wannan Wata: A-kori-kura Tana Girgiza Idan Ta Ja Tirela, Ina Za A Duba?

Darasinmu na wannan wata na direbobi ne da masu motocin ɗaukar kaya a karkara. Amma manomi da ɗan kasuwa su ma su karanta, domin kayansu ake ɗauka, kuma sau da yawa suna cikin motar.

A-kori-kura tsohuwar abokiyar mutanen karkara ce. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 404 da 504 suka cika hanyoyinmu. Daga baya Toyota Hilux ta yawaita. Su ke kawo albasa daga Goronyo da Wurno da Gada zuwa kasuwar Ramin Kura a cikin garin Sakkwato. Su ke kai taki ƙauye, su dawo da gero da dawa kasuwar Kara. Idan kaya sun fi ƙarfin bodin mota, wasu sukan ɗaura mata ƙaramar tirela a baya. Ba babbar tirelar da ke ɗaukar siminti daga Kalambaina muke nufi ba. Muna nufin 'yar ƙaramar nan mai taya biyu ko huɗu, wadda masu walda ke ƙerawa, mai kama da amalanke.

To, ga matsalar. Mota tana tafiya lafiya lau ita kaɗai. Da an ɗaura mata tirela an hau kwalta, sai ta fara girgiza. Madubi na rawa, kujera na rawa. Direba ya ce taya ce. Yaron mota ya ce farfela ce. Mai kaya ya ce hanya ce. A je gareji a sayi wannan, a canza wancan. Kuɗi su ƙare, girgiza tana nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace girgiza tana da inda take fitowa, kuma tana da alamarta. Mai mota zai iya gano wurin da kansa kafin ya kashe ko kwabo. Ba sai da na'ura ba. Jak da alli da igiya da littafin rubutu sun isa.

Karkarwa daban, tangaɗi daban

Kafin a taɓa sifana, a fara sanin irin girgizar. Iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce karkarwa. Mota tana tafiya miƙe a kan hannunta, amma jikinta na ɓari kamar mazari. Ana jin ta a sitiyari, ko a kujera, ko a tafin ƙafa. Karkarwa takan fito daga abin da ke juyawa, wato taya, wili, boris, farfela ko injin.

Ta biyu ita ce tangaɗi. Tirela ce ke kaɗawa dama da hagu kamar wutsiyar saniya, tana fizgar bayan mota. Wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Karkarwa takan ba mutum lokaci ya nemi gyara. Tangaɗi kuwa cikin ƙiftawar ido yake kifar da mota da tirela gaba ɗaya. Yawanci ba ƙarfe ne ya lalace ba, lodi ne aka yi ba daidai ba. Za mu dawo kansa a gaba.

Akwai kuma girgizar da ba laifin mota ba ce. Hanyar burji mai gargada tana girgiza kowace mota, sabuwa ko tsohuwa. Tirela marar kaya kuma tsalle take yi a kan gargada, domin an yi sifirinta ne don ɗaukar nauyi. Saboda haka ba a yin gwaji a kan burji.

Tafiya uku a hanya ɗaya

Ka nemi kwalta mai kyau, miƙaƙƙiya, wadda babu cunkoso. Kilomita uku ko huɗu sun isa. Ka ɗauki mutum ɗaya ya zauna kusa da kai da littafi. Kai kana tuƙi, shi yana kallon allurar maleji yana rubutawa.

Tafiya ta farko, mota ita kaɗai. Ta biyu, a ɗaura tirela babu kaya. Ta uku, a yi mata lodi kamar yadda aka saba. A kowace tafiya a ƙara gudu sannu a hankali. A rubuta gudun da girgiza ta fara, da gudun da ta daina. A rubuta inda ake jin ta. A rubuta abin da direba yake yi a lokacin, ko yana taka totur, ko birki, ko ya saki ƙafa. Idan girgizar ta yi tsanani, a rage gudu. Ba gasa ake yi ba.

Idan mota ta girgiza tun a tafiyar farko, ko da kaɗan ne, ciwon nata ne. Tirela ta ƙara fito da shi fili ne kawai. Idan sai a tafiya ta biyu ta fara, a duba tayoyin tirela da borisanta da mahaɗinta.

Tafiya ta uku ita ce mai ruɗarwa. Idan sai an yi lodi girgiza ke zuwa, mutane sukan ɗora wa tirela laifi nan take. Ba lalle ba ne. Nauyi yana danne bayan mota, sai ciwon da ke ɓoye a jikinta ya farka. Ga yadda za a raba gardama. A kwance tirela, a zuba buhuna a bodin motar har bayanta ya sauka kamar yadda yake sauka in an ɗaura tirela. A sake bin hanyar nan. In girgiza ta dawo, motar ce. In ba ta dawo ba, tirela ce ko lodinta.

Yanzu a duba abin da aka rubuta. Karkarwar da ake ji a sitiyari yawanci daga tayoyin gaba take. Wadda ake ji a kujera da ƙasan mota daga baya take, ko daga tirela. Wadda take zuwa a gudun kilomita 80 zuwa 100, ta ragu in an sauka ƙasa da haka, alamar taya ce marar daidaito. Wadda ake ji tun mota na tafiyar hawainiya, tana ɗingishi kamar jaki mai ƙaya a ƙafa, alamar taya ce mai kumburi ko wili lanƙwasasshe. Wadda take zuwa sai an taka totur ta farfela ce ko ta injin. Wadda sai an taka birki, ta birki ce.

Taya ce kan gaba

Da taya ake farawa, domin ita ta fi yawan laifi, kuma dubata ba ya cin kuɗi.

Tayar a-kori-kura takan ci mita biyu da ɗan wani abu a juyi ɗaya. A gudun kilomita 80 a awa, tana juyawa kusan sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ku tuna da fanka wadda fiffikenta ɗaya ya gutsure. Da an kunna ta sai ta kama rawa, domin gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Haka taya take. A ce laka mai nauyin giram 100, kamar ƙaramar albasa guda, ta bushe a cikin wili. A wancan gudu, tana fizgar wilin da ƙarfin da ya kai kilo 8, sau 10 a kowace daƙiƙa. In aka ninka gudu, fizgar ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Shi ya sa ba a jin komai a cikin gari, sai an fita bayan gari an miƙe hanya.

Motar da ke shiga fadama ɗaukar albasa ko shinkafa ba ta rabuwa da wannan laka. Ka leƙa cikin kowane wili, ka kankare ta da ƙarfe, ka wanke. Wani lokaci a nan aikin yake ƙarewa.

In ba laka ba ce, a ɗaga taya da jak. A yi haka a wuri mai faɗi marar gangara, a sa wa sauran tayoyi duwatsu. A kafa bulo ko kututture kusa da tayar, a ɗora hannu a kai riƙe da alli, bakin allin na dab da roba. Wani ya juya tayar a hankali. Taya mai lafiya tazararta da alli ba ta canzawa. In alli ya shafi wuri ɗaya kawai ya bar sauran, wurin nan ya kumbura. A yi haka a saman taya, a yi a gefenta, a yi a bakin wili.

Kumburi a taya ba abin wasa ba ne. Wayoyin cikinta ne suka rabu da roba. Faci ba ya maganinsa. Taya ce mai jiran ranar fashewa, kuma ranar takan zo ne lokacin da aka yi lodi, rana ta take. A cire ta. Kada a ce a mayar da ita tirela tunda can ba mutane. Tayar tirela in ta fashe a guje, mota take ja zuwa rami.

Wannan ɗabi'a ta zubar wa tirela tsofaffin tayoyi ita ce tushen matsala da yawa. Za ka ga ta dama babba, ta hagu ƙarama. Ko ka ga an ɗauko wilin wata mota daban, ramukansa ba su dace ba, an sa zarto an buɗa su. Wili irin wannan ba ya zama a tsakiya, kuma ba zai daina rawa ba. Tayoyin da ke kan aksil ɗaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Taya mai faci mai kauri a ciki ita ma gefe ɗaya ya fi nauyi.

Idan taya da wili lafiya suke amma karkarwa na nan, sai a kai su wurin masu balansin. Akwai su a cikin garin Sakkwato. Suna ɗora taya a kan inji, su gano gefen da ya yi sauƙi, su maƙala masa 'yar dalma. Mutane sukan yi wa tayoyin mota balansin su manta da na tirela. Su ma a kai su.

Tirelar da ta yi watanni a ajiye wuri ɗaya, ƙasan tayarta kan ɗan baje. Da an fara tafiya sai ta riƙa bugawa. Wannan yakan wuce bayan 'yan kilomitoci, in taya ta ɗumama. In bai wuce ba, tayar ta lalace.

Sai maganar iska. A auna ta da geji da sassafe, kafin a yi tafiya. Adadin da ya dace da motar yana rubuce a littafinta, ko a wata 'yar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba. Motar da ta ɗauki kaya tana son iskar baya ta fi ta lokacin da ba kaya. Akwai direbobin da ke tsayawa a hanya da bazara su rage wa taya iska, wai don kada zafi ya fasa ta. Gaskiya ne zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Amma rage iska ƙara wa taya zafi yake yi. Taya mai ƙarancin iska lanƙwasa take yi a kowane juyi, lanƙwasar nan ce ke dafa ta daga ciki har wayoyinta su saki. A bar mata iskarta, a rage gudu, a rage kaya.

Wanda ya iya karatu kuma ba a cutarsa wajen sayen tayar gwanjo. A gefen taya akwai haruffa uku, DOT, da jerin lambobi a bayansu. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanonin motoci da dama sun ce taya in ta kai shekara 6 a canza ta, ko da zanenta bai cinye ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi.

Noti da boris

Tun tayar tana sama a kan jak, ka kama ta da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ka jijjiga ta gaba da baya. Kada ta yi motsi. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, ko noti ne ya kwance, ko boris ne ya ci. Ka bi notina ɗaya bayan ɗaya da sifanar taya. Jan tsatsa da ya zubo daga gindin noti alama ce ya daɗe a kwance.

In notina a ɗaure suke, ka juya tayar ka saurara. Boris mai lafiya shiru yake. Wanda ya ci yana gurnani kamar dutsen niƙa. A hanya ma ana jin gurnanin, yana ƙaruwa da gudu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata ya zama al'ada. Bayan tafiyar kamar daga Sakkwato zuwa Kware, ka tsaya. Ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowane wilin tirela. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma in ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi, har hannu ba ya iya zama a kai, giris ya ƙare. Kada ka ce bari mu ƙarasa kasuwa. Boris in ya ƙone, wili ficewa yake yi da tayarsa. Tirelar da ke ratsa ruwa da damina ta fi saurin rasa giris, domin ruwa da yashi suna shiga.

Farfela

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, mai kai ƙarfin injin zuwa tayoyin baya. Tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Saboda haka karkarwarta ta fi ta taya sauri, kamar zuzar ƙudan zuma a ƙasan kujera. A kowane bakinta akwai kuros, wani ƙarfe mai kama da alamar tarawa a lissafi. Shi ke ba ta damar lanƙwasawa in mota ta hau ko ta sauka.

Ga dalilin da ya sa farfela ke ɓoye ciwonta sai an yi lodi. In bayan mota ya sauka, kwanciyar farfela tana canzawa. Kuros da ya ci, wanda ya saba da wuri ɗaya, sai a tilasta masa aiki a wani wuri daban, ga kuma nauyi. Sai ya fara cijewa. Za ka ji mota na kakkaɓewa lokacin tashi, ko a kan hawa. Da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta lafa. Wani lokaci akan ji ƙarar ƙarfe in an sa giya.

A kashe injin, a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, a sa giya a firi. Sannan a shiga ƙasa a kama farfela a murɗa, a tura sama da ƙasa. In kuros na motsi, ko akwai jan gari kamar tsatsa a bakinsa, ya mutu. Wasu motoci farfelarsu biyu ce a haɗe, da boris mai roba a tsakiya. A duba ko robar ta yage. A duba kuma ko igiya ko waya ko buhu ya nannaɗe a jikinta, abin da ke yawan samun motar da ke shiga gona. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In za a kwance farfela, a sa makaniki ya yi mata alama da fenti tukuna, don ta koma yadda take. Farfela mai lafiya in aka mayar da ita a karkace, girgiza za ta yi.

Sifirin da ya karye ko ya gaji yana sa baya ya sauka fiye da kima. Shokozoba da ta mutu, wadda mai ke zuba a jikinta, tana barin taya ta riƙa tsalle. A dube su a lokaci guda.

Injin da birki

Na injin ba shi da wuyar ganewa. Kana kan gudun da girgiza ke zuwa, ka sauya giya daga ta huɗu zuwa ta uku, ba tare da ka canza gudu ba. In girgizar ta canza, injin ne ko robobin da yake zaune a kai. In ba ta canza ba, ba ruwan injin. Sau da yawa ma ba gyara ake bukata ba. Direba ne ke jan kaya mai nauyi da babbar giya don tsimin mai, injin na shaƙewa. Ya sauko giya ɗaya.

Girgizar da ke zuwa sai an taka birki, faifan birki ne ko duram ya karkace, galibi saboda zafi. Yawancin ƙananan tirelolin nan ba su da birki. Birkin mota ne ke tsayar da su duka biyun. A Ingila da ƙasashen Turai, doka ta hana tirela marar birki ta wuce kilo 750, ita da kayanta. Wannan ma'auni ne mai kyau ko a nan.

Mahaɗi da aksil

In ana jin bugu lokacin tashi da lokacin tsayawa, a duba inda tirela ta haɗu da mota. Ko ƙwallon ƙarfe ne, ko ƙusa ce mai shiga zobe, kada a sami sako-sako. Ramin da ya cinye ya yi faɗi, a kai wa mai walda. Mahaɗi a jikin shasi ake ɗaure shi, ba a jikin bamba ba. A sa sarƙa biyu daga tirela zuwa mota, a gitta su a ƙarƙashin mahaɗin, don su tare shi in ya fice. Idan an gama lodi, a ja da baya a kalli tirela daga gefe. Ta kwanta daidai, kada hancinta ya kalli sama.

Tirelar da aka ƙera a gida takan zo da wani ciwo tun daga haihuwa. Mai walda yakan ɗauko aksil na tsohuwar mota ya liƙa da ido, ba awo. Ka ɗauki igiya ka auna daga tsakiyar mahaɗi zuwa bakin aksil na dama. Ka auna zuwa na hagu. Dole su zo daidai. In ɗaya ya fi, tirela tafiyar kaguwa take yi, tana cin taya gefe ɗaya, tana jan mota.

Lodi da tangaɗi

Yanzu mun dawo kan tangaɗi. Masu amalanken shanu da na jaki sun riga direbobi sanin wannan darasi. In kaya suka yi baya, amalanke ɗaga gaba yake yi. In suka yi gaba da yawa, dabba ce ke durƙushewa. Tirela ma haka take, sai dai ita a guje take.

A ce tirela na da nauyin kilo 200. An zuba mata buhun taki 10, kowane kilo 50. Jimla kilo 700 ke nan. Buhu shida su zauna gaban aksil, huɗu a bayansa. Abin da ake so shi ne kashi 10 cikin 100 na dukan nauyin, ko ya ɗan fi, ya danna kan mahaɗi. A wannan misali kilo 70 ne zuwa 100, wato nauyin buhu ɗaya da rabi zuwa biyu. Ana iya aunawa da sikelin kasuwa. A ɗora hancin tirela a kan guntun katako bisa sikeli, tsayinsa daidai da na mahaɗin mota. In babu sikeli, ga alama. Tirela mai irin wannan lodi, in mutum ɗaya ya ɗaga hancinta da hannu ɗaya ba wahala, kaya sun yi baya. A sake lodi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne na ƙarshen lodi. An gama ɗaurewa, sai wani ya zo da buhu biyu yana roƙo. Babu wuri sai can baya, sai a jefa su nan. Buhu biyun nan sun isa su ɗage hancin tirela. In za a taimaka masa, a kwance a sake jerawa.

Yawan nauyi a gaba shi ma ba alheri ba ne. Bayan mota zai zauna, gabanta ya ɗaga. Sitiyari zai yi sako-sako a hannu, fitilu su haska sama.

Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi a sama. Dama da hagu su yi daidai. A ɗaure da igiya sosai, a sake duba ɗaurin bayan an ɗan yi tafiya. Tankin ruwa ko dai a cika shi fal, ko a bar shi ba komai. Rabin tanki ruwansa tambal-tambal yake yi, yana tura tirela gefe da gefe. Raguna da awaki da ake kaiwa kasuwar Achida ko Illela a raba su da katako, kada su taru wuri ɗaya. Mutane kuwa ba a ɗaukarsu a tirela, komai kusancin tafiya.

Gudu ne ke tayar da tangaɗi. Tirelar da ke bin mota lami lafiya a gudun 50 tana iya haukacewa a 80. Gangara tana tayar da shi. Haka iskar hadari, da iskar babbar mota in ta wuce ka, da kauce wa rami da gaggawa. A Jamus, inda hanyoyi suke sumul, mai jan tirela ba ya wuce kilomita 80 sai da izini na musamman. A hanyoyinmu, ga ramuka ga dabbobi, 60 ya isa.

In tangaɗi ya kama ka, jikinka zai ce ka danna birki. Kada ka bi shi. Birki mai ƙarfi yana sa tirela ta turo mota ta naɗe ta. Kada kuma ka ƙara wuta, ko da yake wasu na cewa hakan na miƙar da tirela. Kada ka riƙa murɗa sitiyari kana bin ta dama da hagu. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe. Ka ɗaga ƙafa daga totur, mota ta rage gudu da kanta. In ta natsu, ka taka birki a hankali, ka sauka gefen hanya. Kada ka ci gaba sai an sake lodi.

In za a je gareji

Bayan duk wannan, in aikin ya fi ƙarfinka, ka tafi da littafinka. Kada ka ce wa makaniki, "Motata na girgiza," ka yi shiru. Ka ce, "Malam, ita kaɗai ba ta yi. Da na zuba buhu takwas a bodi sai ta fara daga gudun 30, a ƙasan kujera. In na saki totur takan daina." Makanikin kirki da ya ji haka ya san farfela zai nufa, ba zai kwance maka sitiyari ba.

Ka roƙe shi ya gyara abu ɗaya, ku fita gwaji, kafin a taɓa na biyu. In aka canza abu huɗu rana ɗaya girgiza ta tafi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, kuma wataƙila ka biya kuɗin uku a banza. Ka ce a nuna maka tsohon ƙarfen da aka cire. Gwajin kuma a yi shi a hanyar nan ta farko, da lodin nan, a gudun nan da aka rubuta. In an cire taya an mayar, ka tsaya bayan kilomita 50 ka sake bin notina da sifana.